Yadda Ake Ƙidayar Tsuntsayen Bakin Teku, Daga Madatsar Lamingo Zuwa Gaɓar Kudu

Duk tsakiyar watan Janairu, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya tsaya shawara kafin ya taɓa ruwan alwala, akwai dubban mutane a ƙasashe fiye da 100 da ke tsaye a bakin tafkuna da fadamu da gaɓar teku, kowa da madubin hangen nesa a wuya, suna ƙirga tsuntsayen ruwa. Tun 1967 ake wannan ƙidaya, kuma ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa sakamakonta. An zaɓi Janairu ne domin a lokacin tsuntsaye 'yan cin rani sun riga sun sauka inda za su zauna, ba su cika motsawa ba, don haka da wuya a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu.

Mu nan Jos muna kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma tsakaninmu da Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Duk da haka da yawa daga cikin matasan da ke aikin tsuntsaye a ƙasar nan a nan suka koya, a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Laminga, wadda aka kafa a 2001 tana aiki tare da Jami'ar Jos. Gaɓar tekun Najeriya kuwa ta kai kimanin kilomita 850, daga Badagry har bakin kogin Kuros Riba, kuma masu ƙirga a cikinta ba su da yawa. Shi ya sa nake rubuta wannan ga duk wanda ke son ya sauka can ya yi aikin da kyau, namiji ko mace. Abin da zan yi ta nanatawa shi ne: ƙidayar bana ba ta da amfani sai idan za a iya ajiye ta kusa da ta baɗi a gwada. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya.

Mataki na farko: horar da idonka tun kana gida

Kada ranar farko da za ka ga garken tsuntsaye ta zama ranar ƙidaya. Ka fara da ruwayen da ke kusa da kai: madatsar Lamingo, kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru, ko tafkin Jabi da madatsar Usuma idan kana Abuja. Za ka samu balbela da zalɓe da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, a lokacin hunturu kuma har da wasu ƙananan baƙi masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a bakin laka. Waɗannan na ƙarshe su ne dangin da za ka tarar a bakin teku, kuma su ne masu wahalar tantancewa, domin a nan ba sa sanye da kayan adonsu na lokacin haihuwa. Kusan duk toka-toka ne da fari. Abin da zai raba maka su shi ne tsawon baki da lanƙwasarsa, launin ƙafa, girman jiki, da yadda kowanne ke neman abinci: wani gudu yake yi ya tsaya cak ya cafka, wani kuma tafe yake yana soka baki cikin laka kamar keken ɗinki. Littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey shi ne yawancinmu ke riƙewa. Ka yi ta buɗe shafukan waɗannan tsuntsaye har takardar ta yi laushi.

Ga wani horo da ba ya buƙatar ko sisi. Ɗebi wake, ka watsa a faifai, ka kalla na daƙiƙa biyar, ka faɗi adadi, sannan ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa zama da wata ɗaliba a tsakar gida muna wannan. Da ta gama ƙirga waken ta ɗago kai ta ce, "Malam, wallahi na rantse ban ga sun kai haka ba." Na ce mata haka idon kowa yake, garke in ya yi yawa ido rage shi yake yi. Bayan mako biyu tana yi kullum bayan la'asar, daga wake ta koma gero, kuskurenta ya ragu ƙwarai. Ka san naka idon: ragewa yake yi ko ƙarawa, kuma da nawa.

Mataki na biyu: zaɓi wuri ka yanka masa iyaka

Kafin ka ƙirƙiro sabon wuri, tuntuɓi gidauniyar kare muhalli ta NCF da ke Lekki a Legas, wadda ita ce abokiyar aikin ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, BirdLife International, a Najeriya, ka tambayi wuraren da aka saba ƙirgawa da waɗanda aka daɗe ba a leƙa ba. Komawa tsohon wuri ya fi buɗe sabo daraja, domin akwai lambobin baya da za a gwada.

Idan ka samu wurin, buɗe taswirar tauraron ɗan Adam a waya ko kwamfuta ka zana iyakarsa da abubuwan da ba sa gushewa: gada, hasumiya, bakin rafi, kan duwatsun da aka jera don tare igiyar ruwa. Kada ka yi iyaka da tudun yashi ko bukkar masunta, domin teku na iya kwashe su kafin shekara ta zagayo. Babban wuri ka raba shi yanki-yanki, kowane yanki gwargwadon abin da mutum biyu za su gama cikin awa biyu zuwa uku. Ba kowane yanki suna, ka ɗauki lambobin GPS na inda za a tsaya, ka kuma ɗauki hoto daga nan kana fuskantar ruwa. Wanda zai gaje ka, ko bai taɓa ganinka ba, ya iya tsayawa daidai inda ka tsaya.

Sannan ka je ka gaida masu wuri. Sarkin ƙauye, shugaban masunta, shugaban matasa. A wasu hanyoyin ruwa na Neja Delta akwai jami'an tsaro, kuma mutum riƙe da na'urar hangen nesa yana kallon ruwa abin tambaya ne, saboda haka ka tafi da takardar gabatarwa daga jami'a ko ƙungiyar da ta aiko ka. Inda mutanen gari suka ce kada a shiga, kada ka shiga.

Mataki na uku: lokaci, wanda ruwa ne ke ba da shi

Nan ne ɗan tudu ke faɗuwa, kuma nan na faɗi. Zuwana na farko wani bakin kogi a kudu, na tsara fita kamar yadda muka saba a Jos: sammako, a gama kafin rana ta take. Muka isa muka tarar ruwa ya janye can nesa, ya bar fili na laka iya ganinka, tsuntsayen kuma sun bazu a cikinsa kamar an watsa toka. Rana ta ɗago, iska ta fara rawa a cikin madubi, ba na iya raba babba da ƙarami. Wani dattijo Bahaushe mai sayen busasshen kifi a wurin, wanda ya yi mana tafinta da mai kwalekwale, ya dube ni ya ce, "Malam, ai a nan ba agogo ake bi ba, ruwa ake bi." Na ce, "Alhaji, to yaushe zai dawo?" Ya tambayi mai jirgin, ya ce sai bayan azahar. Muka zauna a inuwa muka jira, kuma da ruwan ya fara cikowa sai ga shi yana koro mana tsuntsayen a hankali har gabanmu.

Ga yadda abin yake. A gaɓarmu teku na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, don haka wanda ya saba lissafin watan Musulunci ya riga ya samu rabin ilimin. Bambancin cika da janyewa a Legas kimanin mita 1 ne, amma yana ƙaruwa yayin da kake yin gabas, har ya kusa mita 3 a wajen Kalaba. Akwai jadawalin cikar teku a intanet na manyan tashoshin jiragen ruwa. Ka duba shi, sannan ka tabbatar daga bakin mai kwalekwale, domin can cikin rafuka ruwan na makara.

Yaushe za ka ƙirga, ke nan? Ya danganta da irin wurin. Idan bakin teku ne buɗaɗɗe mai tudun yashi, ka ƙirga lokacin cika, daga awa biyu kafin ta kai ƙarshe zuwa awa biyu bayanta, domin tsuntsayen kan taru wuri ɗaya su huta, kai a cikin fiffike. Idan kuwa wurin na da dajin mangurof, itatuwan nan masu tsayawa cikin ruwan gishiri da saiwoyi a waje, to lokacin cika tsuntsayen cikin dajin suke shigewa, ba za ka gan su ba. A irin wannan wuri ka ƙirga lokacin da ruwa ke cikowa, ya rufe kamar rabin lakar, tsuntsayen sun matso amma ba su ɓuya ba. Duk wanda ka zaɓa ka rubuta shi a saman takarda, kuma shi za a bi kowace shekara. Wanda ya ƙirga bana a cika, baɗi a janye, ya ce tsuntsaye sun ragu da rabi, bai faɗi komai game da tsuntsaye ba.

Mataki na huɗu: kaya da abokan tafiya

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x42, da teliskof mai ƙafa uku idan za ka iya aro, domin ba shi da madadi a kan fili mai faɗi. Fensir, ba biro ba, don tawada na narkewa da danshi. Ɗan littafi a cikin leda. Na'urar ƙirga ta hannu, kuma carbin zamanin nan da ake sa wa yatsa ana dannawa ya wadatar. Hula, ruwan sha mai yawa, takalmin roba mai kama ƙafa, da rigar kariya daga nutsewa ga duk wanda zai hau jirgi, ko ya iya iyo. Kada ka fita kai kaɗai: ɗaya na kallo yana faɗa, ɗaya na rubutu. Kada kuma ka taka laka sai ka ga inda ɗan gari ya taka, domin akwai wadda ke haɗiye mutum har cinya alhali ruwa na tafe. Baƙo ko da ido makaho ne.

Mataki na biyar: ƙirgar kanta

Ka iso a natse, rana a bayanka, ka tsaya tun daga nesa. Idan ka ga kawuna sun ɗago, wasu sun fara takawa suna nisa da kai, ka riga ka matso da yawa. Tsaya nan ko ka ja baya. Wannan ba don ƙidayarka kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan farin tsuntsu mai bin igiyar ruwa da gudu yana dawowa, masana na kiransa Calidris alba. Nauyinsa bai fi na ƙwan kaza ba, amma daga can Girinlan, a ƙuryar arewacin duniya, yake zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma da kitsen da ya tara a nan zai koma. Duk tashin da ka sa shi ya yi a banza, daga guzurinsa ka ɗiba.

Abu na farko, kafin komai, yi wa garken duka kallo ɗaya ka rubuta kimantawa: kamar 600, kamar 2,000. Domin shaho na iya wucewa ko jirgi mai inji ya taso, su watse, ka tashi da wannan lambar kaɗai. Bayan nan ka bi garken a hankali daga wannan gefe zuwa wancan don ka san nau'i nawa ne a ciki. Sai ka ƙirga nau'i-nau'i, ka fara da mafi yawa.

Garken da bai kai ɗari biyu ba, ƙirga shi ɗaya-ɗaya ko bibbiyu. Wanda ya fi haka, ƙirga goma na farko da kyau, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, sannan ka yi ta aza wannan ma'auni a kan sauran, kana danna carbi sau ɗaya ga kowane goma. Idan dubbai ne, ma'auninka ya zama 50 ko 100. Ka lura tsakiyar garke ta fi gefe cunkoso, kuma na baya suna ɓoye a bayan na gaba. Ka maimaita sau biyu ko uku. Idan ku biyu ne masu madubi, kowa ya ƙirga nasa a ransa, kada ya faɗa sai ɗayan ya gama, don kunne na jan ido. In bambancinku ya wuce kashi 10 cikin 100, ku sake. Hoto na taimakawa, amma ƙari ne a kan ƙirga, domin a hoto ƙananan kan narke su zama ɗigo.

Tsuntsayen da ke shawagi a kan ruwa suna faɗawa su cafko kifi, farare masu wutsiya kamar almakashi, waɗanda ni nake kira tsattsewar teku, su ka jira sai sun sauka a tudun yashi. Ka duba su da kyau, domin a cikinsu akwai wata 'yar ƙarama, Sternula balaenarum, da ke haihuwa a hamadar bakin tekun Namibiya ta zo gaɓar Legas bayan ta gama. Ita daga kudu take zuwa, ba daga Turai ba, kuma an fi ganinta a watannin damina, wanda ya sa ƙidayar Janairu kaɗai ba ta isa ba. Idan da hali, ƙara wata a Yuli, ko ma kowane wata.

Duk garken da ya tashi ya bar yankinka ko ya shigo, rubuta lokaci da adadi da inda ya nufa. Da yamma idan ƙungiyoyi sun haɗu, da wannan za a gane cewa 300 da suka bar yanki na ɗaya da ƙarfe 2:10 su ne suka sauka a yanki na biyu da 2:15. Shi ya sa ya fi kyau a ƙirga yankuna maƙwabta a lokaci guda.

Abubuwa biyu nake roƙonka, don a kansu amanar aikin take. Abin da ba ka tantance ba, rubuta shi a haka: ƙananan masu tsintar laka, ba a tantance ba, 140. Wannan sahihin bayani ne, kuma ya fi sunan da aka cinta. Na biyu, idan ka je ba ka ga komai ba, rubuta sifili ka aika. Fili a takarda na nufin ba a je ba, sifili kuwa na nufin an je an duba babu, kuma daga irin waɗannan sifilin ake fara gane cewa wuri na mutuwa.

Mataki na shida: abin da za ka rubuta ban da lamba

Kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, matsayin ruwa, ƙarfin hazo, sunayen masu ƙirga, da ko an gama yankin duka ko rabinsa. Sai kuma halin da wurin ke ciki. Ana haƙar yashi? An cike wani sashe don gini? Ana saran mangurof don ƙyafe kifi? Akwai mai a kan ruwa ko a jikin saiwoyi? Tsofaffin komar kamun kifi da robobi fa? Ka lura da kwakwar nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906, yanzu tana mamaye inda aka sare mangurof tana rufe lakar da tsuntsaye ke kiwo. Ɗauki hoto daga wurin tsayuwarka kowace shekara, fuska ɗaya. Hotuna biyar a jere sun fi dogon bayani shiga ran mai mulki.

Ka riƙa duba ƙafafu. Wasu tsuntsayen na ɗauke da zobba masu launi ko 'yar tuta mai haruffa da masu bincike suka sa musu a wata ƙasa. Rubuta ƙafar hagu daban, ta dama daban, daga sama zuwa ƙasa, ka nuna wanne ke saman gwiwa wanne ke ƙasa. Idan ka aika wa masu aikin, sukan maido maka da tarihin tsuntsun: inda aka kama shi da duk inda aka taɓa ganinsa. Ka kai wannan labari ƙauyen da ka gan shi. Na ga yadda fuskar yaro ke sauyawa idan ya ji cewa tsuntsun da yake ɗana wa tarko ya ƙetaro teku da hamada kafin ya iso bakin ruwansu.

Idan ka ga ƙwai biyu a ɗan rami cikin yashi, ko ƙaramar tsuntsuwa na jan fiffike a gabanka kamar ta karye, kana kusa da sheƙa. Ɗauki lambar wurin ka wuce da sauri, domin rana na iya dafa ƙwan cikin ɗan lokaci idan uwar ba ta kai.

Matattun tsuntsaye kuwa, musamman da yawa a wuri ɗaya, kada ka taɓa da hannu, kada ka bari yara su ɗauka. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a Fabrairun 2006, ta kashe dubban tsuntsayen teku a Senegal da Gambiya a 2023. Ɗauki hoto da lambar wuri ka sanar da ofishin likitan dabbobi na jihar. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, nan kusa da mu, ita ke gwada irin waɗannan samfura. Malalar mai kuma hukumar NOSDRA ake kai wa rahotonta.

Mataki na bakwai: kai lambobin inda za su yi aiki

A daren ranar, kafin ka kwanta, juye komai a takarda mai tsabta ko kwamfuta, tun kana tuna abin da gajeren rubutunka ke nufi. Aika wa mai haɗa ƙidayar ƙasa, ka kuma saka jerin nau'o'in a manhajar eBird ko ta BirdLasser, wadda ita ce masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita.

Kada ka yi saurin yanke hukunci. Raguwar shekara ɗaya na iya zama hazo, ko haihuwa ce ba ta yi kyau ba a can arewacin duniya, ko garken ya koma rafin gaba. Sai an tara shekaru biyar zuwa sama ake fara magana. Amma in an tara, lambobin na da ƙarfi a hukumance. Ƙa'idojin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare dausayi, sun ce dausayin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na al'ummar wani nau'i, ya cancanci a sa shi cikin wurare masu muhimmanci ga duniya. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya aka yi wa tafkin Nguru rajista, da tafkunan Pandam da Wase, da dajin Apoi na Bayelsa.

Kafin takarda ta kai Abuja, akwai abin da za a iya yi a ƙauyen. Ka koma wurin shugaban masunta da sakamakon, cikin harshen da yake ji, ka nuna masa tudun da tsuntsaye ke hutawa lokacin cika, ku nemi yadda jirage za su riƙa kauce masa da 'yar tazara. Kada ka zo da hani. Mutumin da ke saran mangurof da shi yake ƙyafe kifin da zai ciyar da gida, kuma ya fi ka sanin cewa a cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye da jatan lande ke girma. Daga nan za ku fara magana. Ka biya mai kwalekwale haƙƙinsa cikakke, ka nemi shi ɗin dai baɗi, ka koya wa matashi ɗaya ko biyu na garin riƙe madubi, domin su suna nan a watannin da kai kana Jos.

Idan ka dawo gida, kwance ƙafafun teliskof ka wanke su da ruwan famfo, ka goge madubi da ƙyalle mai ɗan danshi, ka shanya a inuwa, don gishiri na cin ƙarfe a ɓoye. Sannan ka buɗe jadawalin cikar teku na Janairu mai zuwa, ka nemo ranakun da ruwa zai kai matsayin da ka ƙirga a bana da rana tsaka, ka kira mai jirgin ka shaida masa tun yanzu.